Biryani: abincin Larabawa ne ko na Indiyawa, kuma wacce ce ta asalin?

Maman_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a raba min gardama. Jiya a wajen walimar saukar karatu aka kawo wata shinkafa mai launi biyu, aka ce biryani ce. Sai uwar mijina ta ce ai abincin Larabawa ne, ita a Makka ta fara cin ta. Ni kuma a sanina ta Indiyawa ce, amma wa zai tsaya musu da Hajiya a cikin mutane? Abin da ya ƙara ɗaure min kai, wadda na taɓa ci a Dubai da dankalin turawa a ciki, ga yaji har da hawaye. Ta jiya kuwa karas ne da koren wake, ba yaji ko kaɗan. To wacce ce ta gaskiyar, kuma daga ina abin ya samo asali?

Sarkin_Loma:
Wa alaikumus salam. Ni dai a wajena dafa-duka ce da ta yi karatu a ƙasar waje. A zubo kawai.

Ummu_Sadiq:
Maman Hanan, Hajiya ba ta yi ƙarya ba cewa ta ci a Makka, don tana nan birjik. Sai dai ki tambaye ta su wa suka dafa. Yawancin shagunan abincin da alhazanmu ke shiga a Misfala da kewayen Harami, 'yan Pakistan ne da 'yan Bangladesh da Indiyawa a cikin kicin ɗin. Abincin Larabawan shi ne kabsa da mandi da ruz bukhari. Alhazanmu duk shinkafar da suka ga doguwa mai launin ɗorawa da kaza a kai, suna ɗaya suke ba ta.

Baban_Ilham:
Ruz bukharin ma da kika lissafa, mutanen Bukhara ne da suka zauna a Hijaz suka zo da ita, can ƙasar Uzbekistan ta yanzu. Mandi kuma ta mutanen Hadramaut ce a Yaman, a rami ake gasa naman, romon yana ɗiga kan shinkafar. Kabsa ce dai aka fi danganta ta da Saudiyya.

Malam_Tarihi:
Bari in ɗan tsawaita, a yi min haƙuri. Biryanin da duniya ta sani yau a yankin Indiya da Pakistan da Bangladesh ta girma, kuma mafi yawan masu bincike suna danganta ta da kicin ɗin sarakunan Mughal. Babur ne ya kafa daular a 1526 bayan yaƙin Panipat, shi kuwa daga tsakiyar Asiya ya fito. Fadarsu da Farisanci take magana, al'adun cinta ma na Farisa ne, Iran ta yanzu, inda aka daɗe da ƙwarewa a dafa shinkafa da nama da romo, wato pilau. Da wannan girki ya haɗu da kayan ƙamshin Indiya da kindirmonsu da shinkafarsu, sai aka samu abin da muke magana a kai.

Akwai littafin Ain-i-Akbari da Abul Fazl ya rubuta a kan mulkin sarki Akbar wajen shekarun 1590. A ciki ya lissafa abincin fada har da awonsa, kuma akwai girkin da ake zuba shinkafa da nama awo ɗaya, da man shanu mai yawan gaske. Ku duba wannan awon, nama daidai da shinkafa. Ba abincin talaka ba ne a farkonsa.

Wani abu kuma: barkono da tumatir da dankalin turawa duk 'yan nahiyar Amurka ne. Turawan Fotugal ne suka kai su Indiya bayan Vasco da Gama ya sauka a Calicut a 1498, kuma sun daɗe kafin su shiga tukunyar kowa. Saboda haka Maman Hanan, waccan ta Dubai mai dankali da yaji, ko da daɗinta ya kai ina, ba irinta Akbar ya ci ba.

Yar_Damagaram:
Ni na ji an ce matar sarkin da aka gina wa Taj Mahal ce ta ƙirƙiro ta. Wai ta je barikin soja ta ga sun rame, sai ta sa aka haɗa musu shinkafa da nama a tukunya ɗaya.

Malam_Tarihi:
Mumtaz Mahal kenan, matar Shah Jahan, ta rasu a 1631. Labarin ya yaɗu sosai, masu gidajen abinci suna son sa, amma ba shi da madogara a rubuce-rubucen zamanin. Haka ma wanda ake cewa Timur ne ya zo da ita lokacin da ya afka wa Delhi a 1398. Hira ce mai daɗi, shi kenan.

Ɗalibi_a_Deccan:
Ni a Hyderabad ta Indiya nake karatu, kuma in kuka ce wa mutumin nan garin akwai wata biryani bayan tasu, to kun nemi faɗa. Tasu ta fi shahara da salon da suke kira kacci, wato da ɗanyen nama ake farawa. Na tsaya na ga yadda ake yi a gidan wani abokina ranar bikin yayarsa. Tun dare aka jiƙa naman akuya a kindirmo da citta da tafarnuwa da ɗanyen barkono da na'a-na'a da soyayyiyar albasa, aka kirɓa ɗanyar gwanda aka zuba don naman ya yi laushi. Da safe aka shimfiɗa naman a gindin wata ƙatuwar tukunya mai faɗin ƙasa. Shinkafar kuma tafasa ɗaya aka yi mata a ruwan gishiri da kanumfari da kirfa, aka tsame kason farko tana da sauran tauri sosai aka zuba kan naman, kaso na biyu da ya ɗan fi nuna aka ɗora a sama. Sai madara da za'afaran, sai man shanu. Aka rufe, aka liƙe bakin murfin da kwaɓaɓɓiyar fulawa yadda tururi ba zai fita ba, aka zuba garwashi a kan murfin, aka janye itacen ƙasa. Wannan turarawar ita suke kira dum.

Abin da ya ba ni mamaki, mai girkin bai buɗe ba ko sau ɗaya. Kunne yake kai wa jikin tukunyar, yana shinshina ɗan tururin da ke tsartuwa ta gefen fulawar. In ya yi kuskure, ko naman ya ƙone ko shinkafar ta caɓe, kuma ba zai sani ba sai a gaban baƙi. Shi ya sa masu wannan sana'ar suke da girman kai, kuma sun cancanta.

Ana ci da wata miyar barkono da gyaɗa da riɗi da tsamiya, mirchi ka salan, da kindirmo mai albasa a gefe.

Hajiya_Mai_Kicin:
Ɗana, wannan gwandar ai mu ma mun san ta. Iyayenmu da ganyenta suke naɗe naman tsohuwar saniya. Amma ɗanyen nama a ƙarƙashin shinkafa, naman kasuwarmu? Sai dai ɗan akuya ƙarami. In ka sa naman sa, shinkafar za ta zama tuwo shi yana nan yana kallonka.

Ɗalibi_a_Deccan:
Gaskiyarki Hajiya, su ma ƙaramar akuya suke nema. Kuma @Ummu_Sadiq, ga abin da zai ƙara rikita gardamar: a nan Hyderabad akwai unguwar Barkas, jikokin Larabawan Hadramaut ne da suka zo aikin soja a ƙarƙashin sarakunan Nizam, waɗanda gidansu ya fara mulki a 1724. Yanzu shagunan mandi sun cika wajen. Wato Indiyawa na dafa biryani a Makka, jikokin Larabawa na dafa mandi a Indiya.

Abu_Fatima_Kd:
Na yi jinyar mahaifina a Delhi, kuma wani ɗan Lucknow da muke zama da shi a ɗakin jira ya kai ni inda ake yin irin tasu. Ba ta da alaƙa da abin da ɗalibinmu ya kwatanta. Su sai an dafa naman tukuna a romo mai kayan ƙamshi, a tace romon, sannan a jera da shinkafar a turara. Ba yaji mai tada hankali, ƙamshi ne kawai, har da ruwan fure da suke yayyafawa. Cokalin farko na ɗauka turare ne ya zube a ciki. Sai a na uku na gane abin da ake nufi.

Ɗalibi_a_Deccan:
Wannan ai pulao ce aka canja wa suna. Haka 'yan nan suke cewa.

Abu_Fatima_Kd:
Su kuma 'yan Lucknow cewa suke yi taku yaji ne kawai ake ɓoye rashin iya girki da shi. Wata nawa ka yi a garin har ka koma ɗan gari?

Sarkin_Loma:
Tab. Ashe ba mu kaɗai ke rigimar jalof da 'yan Ghana ba.

Dan_Zongo_Kumasi:
Kar ka taɓo wannan, Sarki, yau ba ranarta ba ce. Amma tambayata ta gaske: mene ne bambancin biryani da pulao ɗin? Don ni duk shinkafa da nama nake gani.

Hajiya_Mai_Kicin:
Pulao a cikin romon ake zuba ɗanyar shinkafa ta shanye ruwan, komai ya zama launi ɗaya da ɗanɗano ɗaya. Biryani kuwa shinkafar daban ake tafasa ta a tsane, a jera hawa-hawa da naman, tururi ya ƙarasa. Shi ya sa in an zuba a faranti za ka ga wata ƙwayar fara sol, wata ruwan ɗorawa, wata ta sha miya ta yi duhu. In ka ga duk launi ɗaya ce, an juya ta da ludayi tun a wuta, to a kira ta da wani sunan. Ni abin da ke ɓata min rai kenan da masu girkin biki yanzu. Na taɓa ba wata kwangilar abincin kamu, muka yi da ita biryani, ta karɓi kuɗin biryani, ta kawo min soyayyiyar shinkafa da kurkur da hanta. Da na yi magana ta ce ai haka ake yayi.

Maman_Hanan:
Hajiya kin kwatanta ta jiya sak, har hantar. To dankalin fa? Malam ya ce daga baya ya zo, amma wa ya fara sa shi?

Malam_Tarihi:
Wanda aka fi ba da labarinsa shi ne na Kolkata. A 1856 Turawan Ingila suka tuɓe sarkin Awadh na ƙarshe, Wajid Ali Shah, wanda fadarsa ke Lucknow. Ya koma zama a Metiabruz a gefen Kolkata da jama'arsa da masu dafa masa abinci. Daga nan salon Lucknow ya shiga garin, aka ƙara masa babban dankali guda, daga baya har da dafaffen ƙwai. Wasu sun ce talauci ne ya sa, kuɗin nama ya yi ƙaranci aka cike da dankali. Zuriyarsa ba su yarda da haka ba. Hujjarsu ita ce a lokacin dankali baƙon abu ne da ake marmari, kuma sarkin yana karɓar fansho mai tsoka. Ni dai na fi karkata ga nasu, don mutumin da ya kafa gidan namun daji a inda aka kai shi gudun hijira bai yi kama da wanda kuɗin nama ya gagara ba. Amma wannan ra'ayina ne.

Bintu_Jidda:
Maman Hanan, in da yaji sosai kuma da dankali, ina kyautata zaton ta 'yan Karachi ta Pakistan kika ci, ba ta Kolkata ba. Maƙwabciyata a nan Jidda 'yar Sindh ce, lardin da Karachi take. Tasu da tumatir da ɗanyen barkono da yawa, ga wani busasshen ɗan itace mai tsami da suke kira alu bukhara, sai ki tauna ki ji tsami ya ratsa yajin. Ta Kolkata kuwa sanyi gare ta, kusan ba yaji. Ta ce min a Karachi kowace al'umma da tata, Memon da tasu, waɗanda suka yi ƙaura daga Delhi da Hyderabad bayan raba Indiya da Pakistan a 1947 su ma da tasu. Kuma can naman sa ake yi da shi sosai.

Baban_Ilham:
A Dhaka ma kacci ɗinsu da dankali ake yi, da naman akuya, kuma ba a bikin da ya amsa sunansa ba tare da ita ba. Suna haɗawa da wani abin sha na kindirmo da na'a-na'a da kayan yaji, borhani. Yaron shagon da nake sayen kaya a wajensa a Deira ta Dubai ɗan can ne, ya ce in babu dankali a farantin mutum a wajen biki, to an raina shi.

Likita_Zee:
Kowa na ta maganar sarakunan Mughal, an manta da kudu. Na yi kwas a Kerala, kuma biryanin Thalassery ba ta san basmati ba. Wata gajeriyar shinkafa ce siririya mai ƙamshi, kaima, a soya ta a man shanu tukuna, a sa kashu da zabibi a sama. Musulmin wannan gaɓar, Mappila, tarihinsu da fataken Larabawa ne da ke zuwa ta teku sayen masoro ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Babur. Saboda haka in aka ce Larabawa ba su da hannu ko kaɗan a zancen, ni ban yarda ba. A Tamil Nadu ma, Ambur da Dindigul, da gajeriyar shinkafa seeraga samba suke yi, ta Ambur da miyar gauta ake ci.

Malam_Tarihi:
Likita, zuwan Larabawa gaɓar Malabar, wato ta Kerala, ba abin musu ba ne. Abin da ba a tabbatar ba shi ne ko su suka kawo wannan girkin, ko kuwa daga baya salon turarawar ya gangaro daga arewa ya samu mutanen da dama suna cin shinkafa da nama. Fatauci daban, girki daban.

Likita_Zee:
To Malam, ai fadar ce kawai ke da marubuta. Matan da ke girki a Calicut ba wanda ya rubuta abin da ke tukunyarsu. Rashin takarda ba ya nufin rashin girki.

Ummu_Sadiq:
Likita ta kawo magana.

Alhaji_Mai_Atamfa:
Ku bar ni in ba ku dariya. Na bi wani abokin kasuwanci zuwa Isfahan a Iran, na ga an rubuta beryani a ƙofar shago, na ce yau zan ci ta asali tunda an ce daga Farisa take. Aka kawo min niƙaƙƙen naman rago an soya a ɗan kasko, an ɗora kan gurasa, da ganye a gefe. Ko ƙwayar shinkafa babu. Na yi ta jira a kawo sauran, ashe shi kenan.

Yar_Damagaram:
Hhhh Alhaji, ka ci dai?

Alhaji_Mai_Atamfa:
Na cinye tas, da maiƙo amma da daɗi.

Mwalimu_Sani:
A Afirka ma akwai, ba sai an tsallaka teku ba. A Mombasa da Zanzibar, biriani daban pilau daban, kuma kowa ya san bambancin. Biriani ɗinsu shinkafar ce mai launi a gefe, a kwarara mata miya mai kauri ta nama da soyayyiyar albasa da kindirmo da dankali. Abincin biki ne da Sallah da Juma'a. A Durban ta Afirka ta Kudu kuma, inda aka fara kai Indiyawa aikin gonakin rake a 1860, suna ce mata breyani, suna zuba wani ƙaramin wake mai faɗi kamar adas a ciki. Musulmin Cape Town su ma da irin tasu.

Hajiya_Mai_Kicin:
To in miya a gefe shinkafa a gefe, ai shinkafa da miya kenan, Malam Sani. Ina hawa-hawan?

Mwalimu_Sani:
Wasu suna jerawa a tukunya su turara kafin a zuba, wasu ba sa yi. Ki je ki gaya wa matar Mombasa ba biriani take dafawa ba, Hajiya, ni ba ruwana.

Maman_Hanan:
Yanzu dai in na fahimta: ba ta Larabawa ba ce, amma Likita ta ce kar a cire su gaba ɗaya. Daga Farisa aka ɗauko tushen, amma ta Farisa ba shinkafa. Ta Indiya ce, amma Indiyawan ba su yarda da ta juna ba. Na shigo da tambaya ɗaya zan fita da biyar.

Ɗalibi_a_Deccan:
Anti, amsar ɗaya ce, Hyderabad. Sauran duk bayani ne.

Bintu_Jidda:
Yaro, ka ci ta Karachi tukuna.

Amaryar_Bana:
Ni ban da tarihi, taimako nake nema. Sau nawa ina gwadawa, ƙasan ya kama ya yi baƙi, saman kuma da tsatsa-tsatsa bai nuna ba. Basmati kuma tsada, ba ta wasa ba ce.

Hajiya_Mai_Kicin:
Amarya, wutarki ce ta yi yawa kuma ruwan ƙasan ya yi kaɗan. Ki jiƙa shinkafar kamar rabin awa. Ki tafasa ruwa mai yawa da gishirin da za ki ji shi a harshe, ki zuba ta, ki tsaya a kanta, kar ki tafi duba waya. Da kin matsa ƙwaya ta karye amma cikinta da sauran fari, ki tsane. Naman ki dafa shi tukuna, ki bar masa miya mai ɗan ruwa, ba busasshiya ba, don ita za ta ba da tururin. Ki ɗora tsohon kasko ko tanda a kan wuta, tukunyar a kan kaskon, wuta can ƙasa, minti 20 zuwa 25. In ba za ki iya liƙin fulawa ba, ki sa tsumma mai tsafta a ƙarƙashin murfin ki danne da turmi ko dutse. Albasar kuma ki yanka siriri ki soya har ta yi ja, ba baƙi ba, in ta ƙone ɗaci za ta ba ki. In kin sauke ki bar ta ta huta kafin ki buɗe, kuma da faranti ko babban cokali mai faɗi ake ɗiba daga gefe har ƙasa, ba a juyawa.

Amaryar_Bana:
Allah ya saka da alheri Hajiya. To dole sai basmati? Shinkafar gida ba za ta yi ba?

Likita_Zee:
Ai abin da nake faɗa kenan tun ɗazu. Mutanen Kerala da Tamil Nadu da shinkafar gonarsu suke yi, ba wanda ya ce musu ba biryani ba ce. Ki samu tsohuwar shinkafa wadda ta bushe sosai, ba sabuwar girbi ba, ki gwada da gwangwani biyu.

Hajiya_Mai_Kicin:
Tasu gajeriya ce amma da ƙamshinta, Likita. Tamu ta gida an riga an turara ta tun a wajen gyara, ba ta shan ƙamshi haka, kuma lokacin tafasarta daban ne. Za ta ci, amma ni ba zan kai wa baƙo in ce masa biryani ba.

Baban_Ilham:
Hajiya, ai buhunan basmatin da aka rubuta sella a jiki, wadda masu gidajen abinci a Saudiyya da Karachi suka fi amfani da ita don ba ta caɓewa, ita ma turararriya ce.

Hajiya_Mai_Kicin:
Ita ma ɗin ba na saye.